Tura Kyamara Kilomita 30 Sama da Balan-balan: In Aka Sake Shi a Mashi, Ina Zai Faɗa?

Wataƙila ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan a TikTok ko YouTube. Wasu samari sun ɗaure kyamara a jikin wani ƙaton farin balan-balan sun sake shi, yana ta hawa har gidaje suka koma kamar ƙwayar gero, can sai sama ta rikiɗe daga shuɗi zuwa baƙi ƙirin, alhali da rana tsaka ne. Daga nan balan-balan ɗin ya fashe, kyamarar ta yi ta wulwulawa tana dawowa ƙasa. Da yawa cikinmu kan ce haɗin kwamfuta ne. To ba haɗi ba ne, kuma kuɗin da ake kashewa bai kai na wata wayar da ke aljihun wasunmu ba.

A watan Satumba na 2009 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT ta Amurka, Oliver Yeh da Justin Lee, suka yi wannan aiki da kimanin dala 150. Kayan aikinsu: ƙaramar kyamarar Canon ta hannu, da wayar Motorola mai araha wadda ke da GPS, da akwatin farar kumfa irin na ajiye ƙanƙara, da balan-balan na masu hasashen yanayi. Akwatin ya kai tsayin kusan kilomita 28, ya dawo da hotunan da a da sai dai gwamnatoci ke iya ɗauka. Shekara guda bayan haka wani magidanci a New York, Luke Geissbuhler, ya maimaita da ƙaramin ɗansa, suka sa iPhone a ciki domin ta nuna musu inda kayan ya sauka.

Abin da bidiyon ba ya nuna maka shi ne wahalar ba a hawan take ba. Ko yaro zai iya sakin balan-balan. Aikin gaba ɗaya yana cikin tambaya ɗaya: ina zai faɗa, kuma za ka iya zuwa ka ɗauko? A garinmu irin Mashi, amsar ta fi nauyi fiye da yadda take ga ɗaliban Amurka. Amma bari mu fara da abin da ke can sama.

Hawa biyu na iskar da ke kanmu

Iskar da ta lulluɓe duniya hawa-hawa take. Hawa na farko shi ake kira tirofosfiya. Nan muke shaƙar numfashi, nan hadari ke haɗuwa, nan ƙurar hunturu ke yawo, nan kuma jiragen fasinja ke bi a tsayin kilomita 10 zuwa 12. A wannan hawa, duk kilomita ɗaya da ka ƙara sama sai zafi ya ragu da kimanin digiri 6 da rabi. A Turai hawan kan ƙare a wajen kilomita 11, amma a yankinmu mai zafi yakan kai 16 zuwa 17. Ga abin mamakin: tun da hawan namu ya fi tsayi, sanyin da ke ƙarshensa ya fi na Turai tsanani. A ranar da ake digiri 40 a kasuwar Mashi, kilomita 17 a kan mutanen kasuwar ana iya samun digiri 75 zuwa 80 ƙasa da sifili. Firinjin mai sayar da ƙanƙara bai wuce 18 ƙasa da sifili ba.

Daga nan sai hawa na biyu, sitiratosfiya, wanda ya miƙe har wajen kilomita 50. A nan lissafi ke juyewa: kana ƙara hawa, sanyi na raguwa, saboda iskar ozon da ke wurin tana tsotse wani ɓangare na hasken rana mai ƙuna, ta ɗumama. Wani Bafaranshe mai suna Léon Teisserenc de Bort ne ya sanar da gano wannan hawa a 1902, bayan ya saki ɗaruruwan balan-balan ɗauke da ma'aunin zafi daga tashar da ya gina da kuɗin aljihunsa a kusa da Paris. Wato da irin wannan wasa aka gano wurin tun farko.

Kada wani ya ruɗe ka cewa ya tura waya sararin samaniya. Iyakar da aka saba ɗauka a matsayin farkon sararin samaniya tana kilomita 100, tashar 'yan sama jannati kuwa tana wajen 400. Kilomita 30 bakin ƙofa ne kawai. Sai dai kusan kashi 99 cikin 100 na iskar duniya na ƙasanka a wannan tsayi, shi ya sa sama ke yin baƙi, don babu isasshiyar iskar da za ta watsa hasken rana ya yi shuɗi. A lissafi, daga can idonka zai kai nisan kilomita 600 ta kowace fuska. Kyamarar da ke saman Mashi tana iya haɗa Agadas da Abuja a zagaye ɗaya, in da ƙura da hazo za su bari.

An taɓa yi a maƙwabta

Ba sai mun je Amurka neman misali ba. A daminar 2006, ƙarƙashin wani babban shirin nazarin damunar Afirka ta Yamma mai suna AMMA, hukumar sararin samaniya ta Faransa, CNES, da cibiyar binciken yanayi ta Amurka, NCAR, sun saki manyan balan-balan daga Damagaram, wadda ba ta kai kilomita 200 daga Mashi ba. Waɗannan ba masu fashewa ba ne. An ƙera su ne su tsaya a wajen kilomita 20 su bi iska kwana da kwanaki, suna jefo ƙananan na'urorin awo da lema. Tsakanin ƙarshen Agusta da 22 ga Satumba sun jefo na'urori 124 a kan Afirka ta Yamma da tekun Atlantika. Dalili kuwa shi ne hadarin da ke ratsa ƙasar Hausa yana nufar yamma, wani lokaci shi ne ke girma a kan teku ya zama mahaukaciyar guguwar da ke nufar Amurka. Guguwar Helene ta wannan shekara na cikin waɗanda suka bi sawunsu.

Ka riƙe abu ɗaya daga wannan labari: an sake su a Damagaram, iska ta kwashe su yamma har teku. Za mu dawo kansa.

Haka kuma, kullum sau biyu, ƙarfe ɗaya na rana da ƙarfe ɗaya na dare agogon Najeriya, ɗaruruwan tashoshin yanayi a duniya, ciki har da ta Yamai, kan saki balan-balan mai ɗauke da na'urar awo. Hasashen ruwan sama da kake gani a wayarka, wani ɓangarensa daga nan yake fitowa.

Kayan aiki da ɗan lissafi

Balan-balan ɗin na roba ne mai laushi, ana sayar da shi bisa nauyi. Mu ɗauki mai giram 1,000, da akwati mai kilo ɗaya. Kowace mita ɗaya mai fuska shida ta iskar hiliyom na ɗaga kimanin kilo ɗaya, don haka kana buƙatar uku da 'yan kai: biyu su ɗauke nauyin, ragowar ta ba shi ƙarfin hawa. A ƙasa faɗinsa bai kai mita 2 ba. Yana hawa matsin iskar waje na raguwa, ta ciki na buɗewa, har ya kumbura ya kai kusan mita 8, ya fi ɗakin kwananka faɗi, sannan ya fashe a wajen kilomita 30. Ana so ya riƙa hawa mita 5 a daƙiƙa. Raba 30,000 da 5, ka samu daƙiƙa 6,000, wato minti 100. Saukowa da lema kan ci minti 30 zuwa 45.

In ka yi rowar iska, ba araha ka yi ba. Balan-balan da bai cika ba a hankali yake hawa, ya daɗe a sama, iska ta kai shi inda ba ka zata ba. Wani ma ya ƙi fashewa ya yi ta shawagi har batir ya mutu.

Maganar iskar cikawa kuwa, a nan nake son a saurare ni da kyau. Hiliyom ba ta kama wuta, amma tana da tsada da wuyar samu. Haidirojin ta fi araha, ta ma fi ɗagawa kaɗan, kuma da ita tashoshin yanayi da yawa ke aiki, sai dai su suna da horo da ɗaki na musamman. Tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Akwai bidiyoyin da ke koya haɗa ta a gida da sinadarin sabulu a cikin kwalba ko tsohuwar tukunya. Kada ka kusanci wannan, haɗin kan yi zafi ya fashe a fuskar mai yi. Iskar gas ta girki ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, ba za ta ɗaga ko gashin kaza ba. Ta masu walda kuma bam ce kawai.

Sauran kayan ba su da wuya: farar kumfar nan da ake samu cikin kwalin talabijin, da igiya marar kauri mai tsawon mita 10 zuwa 15, da lema wadda tela zai iya ɗinkawa da yadin nailan, da salatif. Lemar a tsakiya take, balan-balan a sama, akwati a ƙasa.

Wurare uku da wayarka za ta ba ka kunya

Na farko sabis. Eriyar da ke kan ƙarfen sabis ƙasa take kallo, inda mutane suke. Da akwatin ya yi 'yan kilomitoci sama, shi ke nan, waya ta kurumce. Ba za ka sake jin ɗuriyarta ba sai ta dawo ƙasa, shi ma in ta faɗa inda akwai sabis. Duk wanda ya san ƙauyukan bakin iyaka ya san akwai inda sai an hau tudu ake amsa kira, balle wayar da ke kwance cikin kunyar gero. Ka tuna kuma a Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Jibiya da Batsari, saboda matsalar tsaro. Wanda ya dogara da layin waya kaɗai ya jingina da abin da ba a hannunsa yake ba.

Na biyu batir. Batirin waya ba ya shiri da sanyi, yana iya nuna kashi 80 ya mutu nan take. Masu wannan harka sun fi amfani da batir ɗin AA na litiyom irin Energizer Ultimate Lithium, wanda ke jure har digiri 40 ƙasa da sifili, su kuma bar ɗumin na'urorin da kumfar su yi sauran aikin. Wani abin ban dariya, kyamara na iya mutuwa saboda zafi a can sama, don babu isasshiyar iskar da za ta kwashe zafin da take fitarwa.

Na uku GPS. Tun zamanin yaƙin cacar baka aka sa wa na'urorin GPS na farar hula takunkumi domin kada a ɗora su a kan makami mai linzami: su daina aiki in sun wuce tsayin kilomita 18 da gudun kimanin kilomita 1,900 a awa. Wasu kamfanoni sai an haɗa sharuɗɗan biyu suke kashewa, wasu kuwa ɗaya ya isa. Balan-balan ba ya gudu, amma yana wuce kilomita 18. Shi ya sa ake sayen ƙaramin guntun GPS na kamfanin u-blox, a saita shi a yanayin tashi sama, wanda ke aiki har kilomita 50. In ka manta saitin, tun a wajen kilomita 12 zai fara yi maka ƙarya.

Maganin na farko shi ne rediyo. Ana haɗa guntun GPS ɗin da ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi Pico ko Arduino, da guntun rediyo mai fasahar LoRa, ya riƙa aiko da wurin da yake duk bayan 'yan daƙiƙoƙi. Da yake babu gini ko dutse tsakaninka da shi, ƙarfin da bai kai na fitilar tocilan ba kan kai ɗaruruwan kilomitoci. Wayar sai ta zama ta ko-ta-kwana a cikin akwati, wata kuma a hannunka tana nuna taswira. Mitocin rediyo a Najeriya suna da ƙa'ida, hukumar NCC ake tambaya kafin a kunna.

Yanzu buɗe taswira

Ba a nan gizo ke saƙar ba sai an zo kan iska. Tafiyar gaba ɗaya kan ɗauki wajen awa biyu da minti 20. In matsakaicin gudun iskar da ya ratsa kilomita 36 ne a awa, wanda ba wani abin a zo a gani ba ne a can sama, akwatinka zai sauka kilomita 80 da wani abu daga inda ka sake shi. Dubi abin da ke zagaye da Mashi a wannan nisa. Arewa, Jamhuriyar Nijar ce, ƙaramar hukumar ma da ita ta yi iyaka. Yamma, kimanin kilomita 40, birnin Katsina ne da filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa, gaba da shi kuma Jibiya da Batsari da gefen dajin Rugu. Gabas, Daura da Mai'aduwa, da wata iyakar kuma.

Iskar da kake ji a fuskarka ba ita ce ke sama ba. Da damina, a ƙasa iska daga kudu maso yamma take zuwa da danshi, amma a wajen kilomita 4 akwai wata mai ƙarfi da ke tahowa daga gabas, a wajen kilomita 12 zuwa 15 kuma akwai wata da ta fi ta, ita ma daga gabas. Su ne ke tura hadari yamma, shi ya sa tsofaffi ke duban gabas in ana jiran ruwa. Ka tuna na Damagaram da suka ƙare a teku. Saboda haka balan-balan da aka saki a Mashi a watan Agusta, mafi yawan lokuta yamma zai nufa: ya bi ta saman filin jirgin Katsina, ya faɗa yankin da babu mai hankalin da zai shiga neman kyamara. Da hunturu kuma lamarin kan juye. Iskar ƙasa daga arewa maso gabas take, amma ta sama galibi daga yamma, tana iya kai shi wajen Daura ko ta tsallaka da shi Nijar.

Yi tunanin manomi a wani ƙauye ya ga akwati ya sauko daga sama da lema, da wayoyi da eriya da fitila mai ƙyaftawa, a wannan zamani. Ba kimiyya ce za ta fara zuwa ransa ba, kuma yana da gaskiya. Ko manyan ƙasashe sun ruɗe. A Fabrairun 2023, bayan Amurka ta harbo balan-balan ɗin Sin, jiragen yaƙinta sun harbo wasu abubuwa uku da ba a tantance ba. A daidai lokacin wata ƙungiyar masu sha'awar rediyo a jihar Illinois ta nemi ɗan ƙaramin balan-balan ɗinta ta rasa a wannan yanki, har ake kyautata zaton shi aka kakkaɓo da makamin da ya kai dala 400,000. Don haka a jikin akwati a rubuta da manyan baƙaƙe, da Hausar boko da ajami da Faransanci, cewa kayan gwajin makaranta ne, ba shi da haɗari, ga lambar waya, ga tukuici ga wanda ya tsinta.

Izini

Ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta kasa irin waɗannan balan-balan gida uku, kuma wanda kayansa bai kai kilo 4 ba yana cikin marasa nauyi. Amma ko shi ba a sakinsa sai da izinin ƙasar da za a sake shi, shiga samaniyar wata ƙasa kuma na buƙatar yardarta, in ban da na ma'aikatan yanayi. A Najeriya hukumar NCAA ce ke da hurumin, NAMA kuma ita ke fitar da sanarwa ga matuƙa jirgi. Tun 2016 ko jirgi marar matuƙi sai da izinin NCAA da tantancewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Nijar kuwa har samaniyarta ta rufe na ɗan lokaci a Agustan 2023 bayan juyin mulki. Wannan ba iyakar da za a yi wa ganganci ba ce.

A ganina, matashi shi kaɗai ba zai samu wannan izini da sauƙi ba, kuma bai kamata ya saki ba tare da shi ba. Hanya ita ce inuwar makaranta: sashen kimiyyar lissafi ko injiniya na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Daura, da takarda mai hatimi, da sanin 'yan sanda da hakimi. Kuma mai yiwuwa a ƙarshe ba a Mashi za a saki ba. Ƙungiyar tana iya zama ta 'yan Mashi, amma wurin saki hasashen iska ne zai zaɓe shi, can ciki nesa da iyaka da filin jirgi.

In an sha duk wannan wahala, kada a tsaya ga hoto. Hoton baƙin sama an ɗauka dubbai, lanƙwasar duniyar da ke ciki ma rabinta aikin gilashin kyamara ne. Abin da ba a cika samu ba shi ne awo daga samaniyar ƙasar Hausa. Ƙurar hunturu, wadda mafi yawanta daga kwarin Bodele na Chadi take tasowa, a wane tsayi take ƙarewa a kan Katsina ranar kaza ga Janairu? Ƙaramin ma'aunin ƙura da na zafi da na danshi, da katin memori, sun isa su ba da amsa, kuma malamin jami'a zai fi saurin sa hannu a kan wannan fiye da bidiyon TikTok.

Abin da za ka fara yau, da data kawai

Sauke manhajar Windy. A gefe akwai wurin zaɓar tsayi. Sa yatsa a kan Mashi, ka duba iskar ƙasa, sannan ka ɗaga zuwa 700, da 500, da 250, da 150 hPa. Wannan ma'aunin matsin iska ne, lambar na raguwa tsayi na ƙaruwa, 250 na daidai da wajen kilomita 10 da rabi. Za ka ga kibiyoyin na sauya alƙibla a gabanka. In wayarka na da ma'aunin matsin iska, manhajar phyphox ta wata jami'a a birnin Aachen na Jamus za ta nuna maka shi. Hau bene da ita ka gani, duk mita 8 sai ya ragu da kusan hPa ɗaya.

Sai babban darasin. Shiga predict.sondehub.org, shafin da ke lissafa tafiyar balan-balan da hasashen iskar hukumar yanayi ta Amurka. A gurbin wuri sa 12.98 da 7.95, Mashi ke nan. Gudun hawa 5, tsayin fashewa 30,000, gudun sauka 5. Danna, zai zana maka hanyar da inda zai faɗa. Ɗauki hoton allon, ka rubuta a littafi: kwanan wata, nisa, gari mafi kusa, Najeriya ko Nijar, wurin ana iya zuwa ko ba a iyawa. Gobe ka sake, jibi ka sake, har kwana 30. Sannan ka canja wurin saki zuwa Kazaure ko Ingawa, ka rage gudun hawa zuwa 3, ka ga yadda layin ke miƙewa. Wannan littafin shi za ka fara ajiyewa a kan teburin malamin da kake so ya tsaya muku.